Zaɓen Motar Iyali: Ƙaramar Bas ko Babbar Bas

Motocin da ke iya kwashe iyali mai yawa a tafiya ɗaya iri biyu ne a titunan Jalingo. Akwai ƙaramar bas mai kujeru 6 zuwa 8, irin su Toyota Sienna da Toyota Picnic da Volkswagen Sharan da Ford Galaxy. Akwai kuma babbar bas mai ɗaukar mutum 14 zuwa 18, wadda fitacciyar cikinsu ita ce Toyota Hiace, da ake kira Hayis, samfurinta na 2004 kuma Homa. Nissan Urvan da Ford Transit da tsohuwar Peugeot J5 duk 'yan wannan sahu ne. Daga nesa mutum zai ɗauka bambancinsu yawan kujeru ne kawai, alhali tun daga masana'anta ba aiki ɗaya aka ƙera su su yi ba.

Yadda aka ƙera kowacce

Ƙaramar bas ƙaramar mota ce da aka ɗaga rufinta, aka tsawaita bayanta. Kamfanin Chrysler ne ya fito da irinta a Amurka a ƙarshen 1983, Renault kuma ya fito da Espace a Faransa a 1984. Sharan da Galaxy sun biyo baya a 1995 daga masana'anta ɗaya a ƙasar Fotugal, shi ya sa kayan gyaran tsofaffin samfurinsu da dama ke shiga juna. Sienna ta fara fitowa a 1997, a Amurka ake ƙera ta domin iyalan Amurka da titunansu. Injin waɗannan motoci yana gaba a cikin bonet, tayoyin gaba ne ke ja, gindinsu yana kusa da ƙasa, sifirin ɗinsu kuma mai laushi ne domin na ciki ya ji daɗin zama.

Hayis ta girme su duka, domin tun 1967 Toyota ke ƙera ta, kuma motar aiki ce tun asali. A samfurin da ya fito a 2004, wanda ya cika tashoshin Najeriya, injin yana ƙarƙashin kujerun gaba, tayoyin baya ne ke turawa, sifirin ɗin baya kuma na faifan ƙarfe ne irin na a-kori-kura. Wannan sifiri shi ke ba ta juriyar lodi, shi ne kuma ke sa ta tsalle da jijjiga idan ba kowa a ciki. Wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta Hayis marar lodi a kan hanya mai gargada ya san haka a ƙugunsa.

Girman ma ba yadda ido ke nunawa yake ba. Sienna ta 2004 zuwa 2010 ta ɗan haura mita 5 a tsawo, yayin da gajeriyar Hayis ba ta kai mita 4.7 ba, ta sami wurin kujeru ne saboda ba ta da dogon hanci. Doguwar Homa mai tudun rufi kuwa ta kusa mita 5.4, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi kuma ya kusa mita 2.3. Ƙofofin gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni irin su Sintali da Turaki ba a yi su da irin wannan mota a rai ba, don haka awon ƙofar gida da faɗin lungu yana zuwa kafin ciniki. Motar da za ta riƙa kwana a waje tana da kuɗin gadi da na ɓarnar rana a kanta.

Kujeru da nauyi

Yawancin masu saye kujeru suke ƙirgawa, abin da ya fi muhimmanci kuwa nauyi ne. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka, kuma ana samunsa a rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar. Na Sienna yana wajen kilo 550 zuwa 600, mutane da kaya a haɗe. Idan aka ɗauki babban mutum a kilo 70, mutum 8 sun kai kilo 560. Ke nan da manya sun cika kujerun, motar ta cika, ko da but ɗin ba kome. Buhun masara biyu masu kilo 100 da aka sayo a Mutum Biyu, da doyar Zing da aka ɗaure a kan kariya, duk ƙari ne a kan abin da sifiri da birki da taya za su iya. Alamar tana bayyana nan take: bayan motar ya zauna, hancinta ya ɗaga, salansa tana kartar ƙasa a kowane tudun rage gudu. Abin da ba ya bayyana nan take shi ne shokozoba da giyabos da ke mutuwa a hankali.

Sharan da Sienna da ke lodi a tashoshin Jalingo zuwa Yola da Gombe da Abuja suna ruɗar masu saye, domin ana ganin sun ɗauki fasinja fiye da ƙima da kaya har rufi, kuma sun isa. Abin da ba a gani shi ne ziyarar gareji bayan kowace 'yar tafiya, da ƙarin ƙarfen da aka cusa wa sifirin baya. Mai haya yana biyan wannan daga kuɗin fasinja. Magidanci daga albashinsa ko ribar gonarsa zai biya.

Hayis tana ɗaukar kusan ninki biyu, wajen tan ɗaya. Ita ma tana da iyaka. Doguwar Homa takan fito daga kamfani da kujeru 15 ko 16. Ta 18 ɗin da aka sani a tasha yawanci a nan gida ake ƙara mata layi. Mutum 18 a kilo 70 sun kai kilo 1,260 kafin a saka jaka ko ɗaya.

Tambayar da ta kamata mai gida ya amsa ita ce mutum nawa ke shiga motar a ranar Talata ta yau da kullum, ba ranar Sallah ba. Gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya goma yana iya ganin Hayis ce kawai za ta ishe shi, amma idan aka duba, 'yan makarantar boko su biyar ne, masu zuwa Islamiyya da yamma su huɗu, asibiti kuma mutum biyu ko uku ke zuwa. Tafiyar da ke haɗa gidan gaba ɗaya, wato biki ko ta'aziyya ko gaisuwar Sallah a garinsu, ba ta wuce 'yan lokuta a shekara. Waɗannan ana iya ɗaukar musu shatar bas a tasha, a biya kuɗin yini ɗaya, a huta da ciyar da babbar mota sauran shekarar. Lissafin yana juyawa ne ga gidan da yake fita da mutum 10 ko fiye kusan kowace rana, ko mai makaranta da ke kwaso ɗalibai, ko mai gona a Ardo Kola ko Lau da ke kai ma'aikata da taki ya dawo da amfani.

Akwai wani nauyin da ba a rubuta a jikin ƙofa ba. Mai Hayis a unguwa shi ne na ɗaukar amarya, shi ne na raka gawa, shi ne na tarbar alhazai, kuma kunya ba ta barinsa ya tambayi kuɗin mai. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin lada da zumunci, kuma haka ne, amma yana da kyau a shigar da shi cikin lissafi tun da wuri.

Lissafin mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Daga nan shan mai ya zama abu na farko da mai saye ke tambaya, kuma a nan ana yawan kuskure. Ana ɗauka ƙaramar bas ba ta shan mai saboda ƙanƙantarta. Sienna yawanci silinda 6 gare ta, injinta lita 3.0 ne a samfurin farko, 3.3 daga 2004, 3.5 daga 2007. Hayis mai fetur silinda 4 ce, lita 2.7. Saboda haka ratar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda ake zato ba. Wadda ke da sauƙin mai da gaske ita ce Sharan ko Picnic mai silinda 4 da inji lita 2.0.

Ga misali na koyon lissafi. Daga Jalingo zuwa Wukari kimanin kilomita 200 ne, zuwa da dawowa 400. A ɗauka Sienna tana yin kilomita 8 da lita ɗaya, Hayis kuma 7, a kuma ɗauki lita a Naira 1,000 domin sauƙi. Sienna za ta sha lita 50, wato Naira 50,000. Hayis kuma lita 57, wato 57,000. Idan mutum 5 ne ke tafiyar, kowane kai ya tashi a Naira 10,000 a Sienna, 11,400 a Hayis. Idan kuwa mutum 14 ne, Hayis za ta kwashe su gaba ɗaya a kan kusan Naira 4,100 kowane kai, Sienna kuma sai ta yi sawu biyu ko a nemo ta biyu, man ya koma lita 100. Babbar bas tana da araha ne idan kujerunta sun cika. Idan babu kowa a cikinsu, ƙarfe kawai ake saya wa mai. Kowane mai karatu yana iya sauya waɗannan alƙaluma da farashin gidan man unguwarsu da yawan mutanen gidansa.

Hayis mai dizal tana tafiya mai nisa da lita ɗaya fiye da mai fetur, tana kuma da ƙarfin hawan tudu da lodi. Sai dai dizal ya daɗe ba shi da tallafi, gurɓataccensa yana kashe famfon inji da nozul, gyaransu kuma yana da tsada kuma ba kowane bakanike ne ya iya ba.

Hanyoyin Taraba

Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da faɗin ƙasa da koguna da duwatsu, kuma hanyar da mutum ya fi bi tana iya yanke masa hukunci ita kaɗai. A cikin gari, daga Mile Six zuwa Hammaruwa Way, ko daga Mayo Gwoi zuwa Jami'ar Jihar Taraba, ƙaramar bas ta fi daɗin sha'ani. Tana kutsawa cikin cunkoson Keke Napep, tana samun wurin tsayawa a bakin babbar kasuwa, na'urar sanyaya ɗakinta tana kai wa kujerar baya a watan Maris da Afrilu lokacin da zafi ke kusantar digiri 40. Sienna kusan duk mai giyar otomatik ce, don haka uwargida ko babban ɗa na iya kai yara makaranta ba sai an ɗauki direba ba. Hayis yawanci giyar hannu ce, direba yana zaune a kan tayar gaba, kwana da ja da baya da ita kuma suna buƙatar sabo.

Da an bar kwalta labari ya sauya. Tsakanin gindin Sienna da ƙasa wajen santimita 17 ne ba lodi, da lodi kuma ya ragu. Ga ta da tsawo tsakanin tayoyin gaba da na baya, don haka cikinta ke fara dukan tudu. Tukunyar baƙin mai da salansa su ne ke karɓar dukan. A hanyoyin ƙauye da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, motar da ke ja da gaba idan bayanta ya yi nauyi tayoyin gaban sukan rasa kamun ƙasa a taɓo ko a hawa. Hayis akasin haka take, lodi yana danne tayoyin da ke turawa, sai ta ƙara kamu. Amma idan ba kowa a ciki ita ma takan yi ta wulwula taya a wuri ɗaya. Akwai Sienna mai ja da ƙafa huɗu, tana taimakawa a santsi, sai dai ba ta ƙara wa gindi tsayi, ta kuma fi shan mai. Ko babbar hanya ba ta da tabbas: ambaliyar damina ta 2024 ta karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, masu motoci suka koma fito ko dogon zagaye, kuma gangara zuwa bakin ruwa ba wurin mota mai gajeren gindi ba ne.

Hanyar Mambilla, ta Bali da Serti zuwa Nguroje da Gembu, jarrabawa ce ta daban. Bayan Mayo Selbe hanya tana hawa dutse da kwane-kwane zuwa tudun da ya haura mita 1,500 daga teku. A hawa, lagireto da fankarsa ake gwadawa, da man giyar otomatik wanda ke zafi idan lodi ya yi yawa. A sauka kuwa birki ake gwadawa. Direban da ya dogara da taka birki tun daga sama har ƙasa zai ji shi ya yi laushi, domin zafi yana hana shi kamawa. Dokar ita ce a sauka da ƙaramar giya, inji ya riƙe motar. A giyar hannu wannan a fili yake. A otomatik kuma sai an mayar da sandar zuwa 2 ko L, abin da masu Sienna da yawa ba su taɓa yi ba tun da suka saye ta. Iyalin da asalinsu Mambilla ne, suke hawa da sauka a kai a kai da kaya, sun fi dacewa da mota mai giyar hannu da sifiri mai ƙarfi.

Kariya idan an yi haɗari

A nan ƙaramar bas ta yi gaba. Hancinta yana lanƙwashewa ya shanye ƙarfin karo kafin ya iso ga mutane, kowace kujera tana da bel, samfuran baya-bayan nan kuma suna da jakar iska har a gefe. A Hayis ta 2004 babu abin da ke tsakanin gwiwar direba da abin da ya daka sai ɗan ƙarfen gaba. Sai a samfurin 2019 Toyota ta mayar da injin gaba ta yi mata hanci. Kujerun da aka yi wa walda a gareji yawanci ba su da bel, wasu ma sukan tsinke daga daɓen motar.

Tsayi ma haɗari ne. A 2001 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta yi gargaɗi cewa bas mai kujeru 15 idan ta ɗauki mutum 10 ko fiye, yiwuwar kifewarta tana kusan ninka uku, domin nauyi yana komawa sama da baya. Kaya a kan rufi yana ƙara tsananta wannan. Shi ya sa ake fara cika kujerun gaba, kaya masu nauyi kuma a daɓe. Tayar Hayis dole ta zama mai harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 195R15C, wadda aka yi domin lodi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na mako da shekarar ƙira: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta tsufa bayan shekara 4 da ƙira, ko da zanenta bai goge ba.

Gyara, takardu da ciniki

Kayan gyaran Toyota ba sa wuya a Jalingo, abin da babu kuma ana aiko da shi daga Kano ko Onica. Hayis mai fetur inji ne mai sauƙin fahimta, kusan kowane gareji an san shi, kuma tana riƙe darajarta. Shi ya sa ko tsohuwa ce kuɗinta yakan ninka na Sienna sa'arta, kuma ranar sayarwa ba a neman mai saye. Sienna tana son bakanike mai na'urar binciken kwamfuta, da ainihin man giyar da aka rubuta mata. Mai inji 3.0 da 3.3 bel ɗin taimin gare su, ana sauya shi wajen kilomita 145,000, mai 3.5 sarƙa ce. Ƙofofinta masu buɗe kansu da lantarki ba sa jituwa da ƙurar hunturu. Sharan ta fi su arahar saye, amma yawancin waɗanda ke kasuwa sun tsufa ƙwarai, wayoyin lantarkinsu da tsarin sanyaya inji kuma su ne ke yawan kai su gareji.

Mai niyyar motar ta riƙa ciyar da kanta da haya ya san cewa ya shiga wani tsari. Lambar motar gida rubutunta shuɗi ne, ta haya ja. Lasisin tuƙi ajin B bai shafi tuƙa tasi ko bas ta haya ba. Tun 2017 ake tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu, iyakar gudun bas a babbar hanya kuma kilomita 80 ne a awa, 90 a tagwayen hanya. Ga rajista da ƙungiyar direbobi a tasha, ga kamasho, ga direba da balas ɗinsa. Inshorar dole ta motar gida ta koma Naira 15,000 daga Janairun 2023, ta haya kuma ta fi haka. Motar da ke lodi zuwa Yola da asuba kuma ba ta nan lokacin da yaro ya tashi da zazzaɓi da hantsi.

Yawancin waɗannan motoci tokumbo ne ko kuma na hannu. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, don haka takardar biyan kwastan tana buƙatar tantancewa a ofishinsu, a kuma gwada lambar shasi da ke jikin motar da wadda ke takarda. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, motocinta sitiyarinsu a hagu yake. Hayis da aka shigo da ita daga Japan aka juya mata sitiyari a gareji abar gudu ce, kuma ana gane ta daga ƙofar fasinja mai zamiya da ke buɗewa ta ɓangaren titi, da alamun yanka da walda a ƙarƙashin dashbod. Sienna daga jihohin Amurka masu ƙanƙara takan zo da tsatsa a gindi saboda gishirin da ake zubawa a titunansu, wasu kuma ambaliya ce ta cinye su aka wanke aka turo. Ɗaga kafet da shinshina warin danshi yana tona wannan.

Gwajin tuƙi ba a yin sa da mota wayam. A tafi da bakanike na mai saye, ba na dillali ba, a tayar da injin da safe yana sanyi a ga kalar hayaƙinsa, sannan a ɗora mata adadin mutanen da za ta riƙa ɗauka, a hau tudu da na'urar sanyi a kunne ana kallon allurar zafi. Bayan tafiyar minti 30 a tsaya a leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigon mai ko ruwa, a kuma auna da ido tazarar da ta rage tsakanin tayar baya da jikin motar.